Gidan sauro, feshi ko igiyar leƙo: ina ya fi dacewa a zuba kuɗin yaƙi da sauro?

Da zarar ruwa ya zauna, tun daga Yuli har ƙarshen Oktoba, kusan kowane magidanci a ƙasar Hausa yana da wani kashe kuɗi da ba ya cikin na cefane, kuma ba ya fashi: kuɗin sauro. Wani igiyar leƙo yake aiken yaro ya sayo bayan magariba, wani gwangwanin filit, wani kuma fiya-fiya yake yayyafawa a lungun ɗaki ya ja ƙofa. Duk da haka, idan marka ta kankama sai ka tarar ɗakin yara a asibiti ya cika maƙil, gado ɗaya yara biyu, iyaye suna faɗi-tashin neman jinin da za a ƙara. Babu mai musun cewa waɗannan abubuwa suna korar sauro. Abin da ya kamata a auna shi ne, wanne ne nairar da aka zuba masa take hana zazzaɓi, wanne ne kuma barcin dare ɗaya kawai take saya.

Lissafin ya fi shafar mu fiye da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu. Kusan kashi 31 cikin 100 na mamatan a Najeriya suke, kusan kashi 6 kuma a Nijar. A cikin Najeriyar ma nauyin ba ɗaya ba ne. Binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na ƙananan yara, amma a Kebbi kashi 49 ne, a Legas bai kai kashi 3 ba. Don haka dabarar da ta isa mutumin Legas ba lallai ta isa mutumin Argungu ko na Gaya ba.

Kafin a yi ciniki, a san abokin gaba. Sauron da ke ɗauko maleriya shi ne macen Anofilis. Da dare take cizo, galibi a cikin ɗaki, lokacin da mutane suka kwanta, kuma a ruwa mai ɗan tsabta da rana ke dukansa take zuba ƙwai: taɓkunan bayan ruwan sama, sawun shanu, ramin da aka ɗebi ƙasar bulo, gonar shinkafa. Wanda ke fitowa daga baƙar kwata mai wari, yana kuka a kunne yana hana barci, yawanci Kuleks ne, kuma ba ya ɗaukar maleriya. Kuɗi mai yawa wajen yaƙi da shi yake tafiya. Sai abu na biyu, wanda a kansa duk lissafin ya rataya: bayan Anofilis ta sha jinin mai cuta, ƙwayar tana bukatar kwana 10 ko fiye a cikinta kafin ta iya zuba wa wani. Saboda haka duk abin da ke kashe sauro tun yana ƙuruciya ya fi abin da ke korarsa daraja nesa ba kusa ba. Wanda ka kora daga ɗakinka bai mutu ba, ɗakin yara ya nufa.

Da wannan ma'auni, gidan sauro mai magani ne a gaba, kuma da rata. Aiki biyu yake yi a lokaci guda: yana tare sauro, sannan numfashi da ɗumin wanda ke kwance a ciki suna janyo shi ya sauka a kan raga mai guba. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen Afirka da dama sun nuna yana rage yawan zazzaɓin yara da kusan rabi, yana rage mace-macensu da kusan kashi 17 cikin 100. Wani babban nazari da masana a Jami'ar Oxford suka jagoranta ya ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2015 an kauce wa kamuwa sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan nasara daga gidan sauro ta fito. Ta fuskar kuɗi, wani nazari na 2011 da ya tattara alƙaluman ƙasashe da yawa ya sami cewa kare mutum ɗaya tsawon shekara da gidan sauro yana cin kimanin dala 2.20, feshin bango kuma dala 6.70. Farashi ya motsa tun daga lokacin, amma har yanzu gidan sauro ne mai arahar. Guda ɗaya yana ɗaukar mutum biyu, yana kai shekara biyu zuwa uku, shi ya sa ake rabonsa a kan ƙa'idar ɗaya ga mutum biyu duk bayan shekara uku. Nijar ta yi rabon kyauta a faɗin ƙasa tun 2005 zuwa 2006, haɗe da rigakafin shan inna, Kano kuma tana cikin jihohin da aka buɗe babban rabon Najeriya da su a 2009. Mai juna biyu da ke zuwa awo a asibitin gwamnati ta kan samu kyauta idan akwai shi a ƙasa.

To amma arahar gidan sauro tana kan sharaɗi guda: a kwana a cikinsa. Wanda ke naɗe a ledarsa a ƙarƙashin gado, ko wanda aka kewaye lambun tumatir da shi, ko aka ɗaure kayan miya da shi a kan mota, kuɗinsa ya tafi a iska. Ni ban cika ganin laifin masu ajiye shi ba, domin ƙorafinsu gaskiya ne. A ɗaki mai rufin kwano, babu silin, babu wuta balle fanka, shiga gidan sauro a watan Mayu ko Oktoba azaba ce. Mutane su kan fito tsakar gida ko ƙofar gida su shimfiɗa tabarma, inda babu ƙusa ko azarar da za a ɗaura igiya. Maganin wannan bai kai kuɗin gwangwanin filit biyu ba: sanduna huɗu a kafe a tsakar gida, ko igiya biyu daga katanga zuwa katanga, gidan sauron ya bi mai shi waje. Masu kukan yana sa musu ƙaiƙayin fuska kuwa, galibi daga leda suka ciro shi suka shige. Sabo ana shanya shi a inuwa kwana ɗaya tukuna. Wanki kuma da sabulu mai laushi, ba tare da dirza ba, a shanya a inuwa, kada a yawaita, domin an yi maganinsa ne ya jure wanki kusan 20. Huda kuma allura da zare take so tun tana ƙarama.

Akwai matsala mafi girma wadda mai gida ba ya gani da ido. Shekara da shekaru dangin guba guda ake sa wa gidajen sauro, irin wanda ake fesa wa auduga da kayan lambu, har sauron Afirka ta Yamma ya saba da shi. A wurare da yawa a Najeriya da Nijar sai ya sauka a kan tsohon samfuri ya tashi lafiya lau. Ragar tana nan tana tarewa, amma kisan ya ragu, kuma kisan nan shi ne ke kare maƙwabci. Saboda haka aka fito da sababbin samfura. Akwai mai sinadarin PBO, wanda ke karya garkuwar da sauron ya yi wa gubar. A gwajin da aka yi a gundumar Muleba ta Tanzaniya, ya rage yawan yara masu ƙwayar cutar da kashi 44 cikin 100 a shekarar farko idan aka gwada da tsohon samfuri. Akwai kuma mai guba biyu, irin Interceptor G2, wanda a gwajin Tanzaniya da na Benin ya rage kamuwar yara da kusan rabi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ƙarfi a kansa a 2023. Sun ɗan fi tsada, amma ƙarin bai taka kara ya karya ba idan aka dubi zazzaɓin da suke hanawa. Mai saye a kasuwa ya duba jikin leda ya ga ko an rubuta PBO, ya kuma yi hattara da farin yadi mai ado da ake sayarwa a shagon labule, wanda ba shi da magani ko kaɗan.

Yanzu mu dawo kan abin da aka fi kashe wa kuɗi. Mu ɗauka, don sauƙin lissafi, ɗaki ɗaya yana cin igiyar leƙo ta naira 100 kowane dare. Kowa ya sa farashin unguwarsu. Dare 150 na damina da kaka ya zama naira 15,000. Gida mai ɗaki uku 45,000 ke nan, a shekara uku 135,000. Gidan sauro shida da za su rufe mutanen gidan nan, ko da an saye kowanne a kan naira 6,000, duka 36,000 ne, sau ɗaya a shekara ukun. Igiyar leƙo zaman haya ce: kullum kana biya, ranar da ka fasa ba ka da komai a hannu. Dalilin da ya sa take cin kasuwa a fili yake, naira 100 ta fi sauƙin fita daga aljihun mai neman na yau fiye da 6,000 a dunƙule. Amma har yau babu wata ƙwaƙƙwarar shaida da ta nuna tana rage maleriya, sau da yawa kuma ta kan cinye kafin asuba, alhali Anofilis tsakar dare zuwa asuba ta fi cizo. Ga hayaƙi: wani bincike na 2003 ya auna cewa ƙurar hayaƙin guda ɗaya ta kai ta taba sigari 75 zuwa 137, a ɗakin da jariri yake kwance an rufe taga. Ga kuma gobara idan ta taɓa katifa ko labule.

Filit ya fi ta tsada, kuma aikinsa na nan take ne. Yana kashe wanda ya tarar a ɗaki, bayan 'yan sa'o'i ya baje, duk wanda ya shigo daga baya ya sami ɗaki a buɗe. Ba ya biyan kuɗinsa sai a ɗakin da sauro ba shi da ƙofar shiga. Fiya-fiya kuwa ba na sa ta a sahun zaɓi. Maganin ƙwarin gona ce aka ɗura a ƙananan kwalabe, babu ma'auni, babu takarda, ana ajiye ta inda hannun yaro ke kaiwa. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben irin wannan guba a kasuwanni da kantuna saboda yawan mutuwar da ake samu. Na'urorin da ake cewa suna korar sauro da sauti, har da manhajar waya, an gwada su, ba sa komai. Man shafawa na korar sauro yana da ranarsa ga mai gadi, mai shayi, mai ban ruwa da dare da matafiyi, amma na sa'o'i ne, ba abin da za a dogara da shi a kare gida ba.

Abin da nake ganin an fi raina shi alhali ya cancanci kuɗi shi ne gyaran ɗakin kansa. Anofilis ta fi shigowa ta sama, ta ratar da ke tsakanin bango da rufi, inda warin mutane ke fita. Toshe wannan rata da laka ko siminti, sa silin, buga raga a taga, gyara ƙofa ta riƙa rufuwa ruf, aiki ne na sau ɗaya da ke kare duk wanda ke ɗakin, har da lokacin hira da cin tuwon dare, kafin a shiga gidan sauro. A gwajin da aka yi a kewayen Farafenni ta Gambiya, sauron da ke shiga gidajen da aka yi wa raga ya ragu da kusan rabi, ƙarancin jini a yaran gidajen ma ya ragu da kusan rabi, ko da yake yawan masu ƙwayar cutar a jini bai sauya ba. A Kodebuwa, inda aka haɗa ragar da wasu bututu masu guba a saman bango, kamuwar yara ta ragu da kashi 38 cikin 100. Kuɗin farko ya fi na gidan sauro nauyi, kuma ragar ƙarfe tana tsatsa, ta roba yara suna ɓula ta. Amma ga wanda ke zaune a gidan kansa, musamman wanda yake kan gini, shekarun da za ta yi suna mai da ita araha. A bar tagogi manya, a yi biyu masu kallon juna, don idan an toshe ko'ina iska ta daina ratsawa, zafi zai kori mutane waje, an koma gidan jiya.

Feshin bango, wanda ma'aikata ke bi gida-gida suna fesa maganin da ke manne wa bango wata da watanni, yana da ƙarfi idan an yi shi daidai, amma yana cin kuɗi sosai. Ba aikin gida ɗaya ba ne. Sauron sai ya sha jini ya sauka a bango ya huta sannan gubar ta kama shi, wato wanda aka cija an riga an cije shi, na gaba ake karewa. Sai an fesa akasarin gidajen gari, kashi 80 cikin 100 ko fiye, ake ganin amfaninsa, kuma duk shekara sai an sake, da motoci, da ma'aikata, da fitar da kayan ɗaki. A Obuasi ta Gana, kamfanin haƙar zinare ya fara irin wannan feshi a 2006, cikin 'yan shekaru masu zuwa asibitinsa da maleriya suka ragu da fiye da kashi 70 cikin 100. Can akwai aljihu mai zurfi da ke biya kowace shekara. A arewacin Yuganda kuwa, da aka dakatar da feshin a 2014, cutar ta dawo da ƙarfi a shekarar da ta biyo.

Ba sai mun je nesa ba ma, domin a ƙasarmu aka yi gwajin da duniya ke ambato har gobe. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da bincike a ƙasar Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yanzu Jigawa. A 1972 da 1973 aka fesa ƙauyuka da maganin propoxur, a wasu aka haɗa da raba wa kowa maganin zazzaɓi. Feshin ya karya ƙarfin sauron na yaɗa cuta da kusan kashi 90 cikin 100, amma masu ƙwayar cutar a jini da kusan kashi 25 kacal suka ragu. Cizon ya yi yawan da ragowar kashi goman ma ta isa ta riƙe cutar, sannan wani ɓangare na sauron a waje yake hutawa, ba ya taɓa bangon. Inda aka haɗa da magani cutar ta yi ƙasa sosai, amma ba ta yanke ba, da aka janye kuma ta koma yadda take. Tun kafin nan, a tsakiyar shekarun 1950, an yi feshi a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, cikin shekara biyu sauron ya daina jin maganin dieldrin. Duk shugaban ƙaramar hukumar da aka kawo wa takardar kwangilar feshi ya kamata ya tambayi kansa ko yana da kuɗin shekara biyar a jere. Idan na shekara ɗaya ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Feshin hayaƙi da ake yi da mota ko babur a kan titi, wanda 'yan siyasa ke so saboda ana ganinsa ana ɗaukar hoto, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a yi shi don maleriya ba. Yana kashe wanda ke tashi a daidai lokacin, iska ta kwashe sauran.

Kashe tsutsar sauro a ruwa, da maganin Bti wanda ba ya cutar da mutum ko kifi ko dabba, yana da sharaɗi uku: wuraren ruwan su zama kaɗan, ba sa sauya wuri, kuma ana iya gano su. A birni irin Kano, Zariya, Maraɗi ko Damagaram, inda kududdufai sanannu ne, da kuma lokacin rani da ruwa ya taƙaita, yana iya biyan kuɗinsa, domin kududdufi ɗaya dubban mutane ne ke kewaye da shi. Darussalam da Khartum sun yi amfani da shi. Amma a fadamar Haɗeja, ko gonakin shinkafar Kura da Bakolori, ko kowane ƙauye a watan Agusta da kowane sawun saniya ya zama wurin ƙyanƙyasa, zuba kuɗi ne a rijiya, ga shi kusan duk mako sai an sake. Birane na da sabon dalilin kula da wannan fanni: wani Anofilis ɗan asalin Asiya, mai hayayyafa a tankuna da randunan ruwa, ya ɓulla a Jibuti a 2012, an kuma gan shi a Gombe a 2020. Rufe tanki da cike ramin bulo kusan kyauta ne. Yashe kwata kuma a yi shi don ambaliya da wari da sauron da ke hana barci, kada dai a ɗauka an gama da maleriya.

Wani abu da ba yaƙi da sauro ba ne, amma duk mai lissafin kuɗi dole ya san shi, shi ne maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata a damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka fara shi a Katsina da kudancin Nijar a 2013. A gwaji ya rage zazzaɓin yara da kusan kashi 75 cikin 100, kuma wani babban shiri a ƙasashen Sahel ya kashe ƙasa da dala 4 a kan kowane yaro a shekara. Ga iyaye kyauta ne. Abin da ake nema daga uwa shi ne ta ba da ragowar ƙwayoyin na rana ta biyu da ta uku, kada ta ajiye su sai yaro ya yi zazzaɓi.

Idan aka ce in tsara wa magidanci mai ƙaramin ƙarfi, zan ce ya fara ƙirga shimfiɗu, ba ɗakuna ba, kowace shimfiɗa ta sami gidan sauro mai magani, a fara da mai juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, domin su cutar ta fi kayarwa. A lissafin da muka yi a sama, kuɗin igiyar leƙo na wata huɗu ya isa wannan. Abin da ya biyo baya, idan gidan nasa ne, ya tafi ga toshe saman bango da ragar taga. Ɗan haya ya yi firam ɗin katako mai raga wanda zai cire ya tafi da shi. Igiyar leƙo ta koma ta zaman hira a waje, filit kuma sai ɗakin da aka riga aka toshe. Ya kuma tuna cewa kwanciyar yaro ɗaya a asibiti, da allurai da ledar jini da kuɗin mota da kwanakin da aka bar gona ko shago, tana iya cinye kuɗin gidajen sauron gidan duka.

Mai hali da ke son yin sadaka, ko ƙungiyar unguwa da ta tara kuɗi, su dubi waɗanda rabon gwamnati ya fi tsallakewa, domin rabon gida-gida ake yi: almajirai a makarantun allo, ɗaliban makarantun kwana, 'yan gudun hijira, masu kwana a tasha da kasuwa. A haɗa musu da igiya da ƙusa da sanduna, a samu manya biyu ko uku su ɗaura a ranar da aka kai, sannan a koma bayan wata ɗaya a ga nawa ne ke rataye.